Kowa Ya Faɗa, Sai Me?

Ya isa haka. Mutum ya buɗe baki ya sharara magana marar tushe, ka tambaye shi hujja, sai ya ce maka, "Ai kowa ya sani." Ka matsa masa, ya ce, "Duk gari maganar da ake yi ke nan." Ka ƙara matsawa, sai ya harzuƙa: "Kai kaɗai ne mai hankali? Duk mutanen nan wawaye ne?"

To wane ne kowan? A wace unguwa yake? Shi da idonsa ya gani, ko shi ma ji ya yi daga wani kowan?

Jama'a, da ku nake. Yawan masu faɗar magana ba ya ƙara mata ko ƙwayar zarra ta gaskiya. Idan mutum ɗaya ya ƙirƙiri ƙarya da safe, mutum miliyan suka maimaita ta kafin magariba, ƙaryar nan tana nan a ƙaryarta. Wannan abu ko yaron firamare zai gane shi. Amma mun mai da shi abin musu, kuma mun biya kuɗinsa da rayuka, da ƙafafun 'ya'yanmu, da dukiyar da aka tara da gumi.

Ku tuna daren gishiri.

A ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Tsoro ya cika ƙasa. Cikin daren 7 ga Agusta, wayewar 8 ga wata, wayoyi suka kama ruri daga Legas har Maiduguri: a tashi kafin asuba, a dafa ruwa, a zuba gishiri, a yi wanka, a sha. Uwa ta kira ɗanta, wa ya kira ƙanwarsa, maƙwabci ya buga ƙofar maƙwabci. Masu digiri suka tashi suka hura wuta. Masu hawan jini, waɗanda likita ya hana su ko ɗanɗana gishiri, suka ɗaga kofi suka kwankwaɗa.

Aƙalla mutum 2 suka mutu, wasu da dama aka kwantar da su a asibiti. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fito ta ƙaryata maganar, amma bayan aikin gama ya gama.

Ita kuwa Ebolar fa? Mutum 20 ta kama a duk faɗin Nijeriya, 8 suka rasu, dukkansu a Legas da Fatakwal. Ba ta taɓa shigowa Arewa ba. Abin da ya tare ta shi ne tsayuwar Dakta Ameyo Stella Adadevoh, wadda ta hana Sawyer fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, har ta kamu ta rasa ranta, da kuma ma'aikatan da suka bi sawun duk wanda ya yi cuɗanya da mai cutar gida-gida. A ranar 20 ga Oktoba na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da ita. Gishiri bai taka wata rawa ba, sai dai ta kisa.

Ina waɗanda suka tura saƙon nan a daren? Wa ya fito ya nemi gafara? Wa ya je ta'aziyya gidajen mamatan ya ce da hannuna a ciki? Babu ko ɗaya. Kowa ya laɓe a bayan kowa. "Ai ni ma turo min aka yi."

Wannan uzurin shi ne abin da ya fi ci mini rai. Turo maka aka yi, sai aka ɗaure maka hannu aka ce dole ka tura gaba? Da wayar ta yi ƙara ƙarfe uku na dare, me ya hana ka tambaya: wane likita ne ya faɗa, a wane asibiti yake, kuma ta yaya ruwan gishiri a fata zai kashe ƙwayar cutar da ke cikin jini?

Abin da ke ruɗar mutane ga shi. Ka ji magana daga bakin ƙanenka, ka ji ta a majalisa, ka ji ta a cikin a-daidaita-sahu, ka buɗe WhatsApp ka tarar da ita a zaure biyar. Sai zuciyarka ta ce maka shaidu sun yi yawa, ruwa ba ya tsami banza. Alhali da za ka bi diddigi, duk bakunan nan daga baki ɗaya suka ɗebo. Shaida guda ce ta zagaya gari ta dawo maka ta ƙofofi goma. Kamar mutum ne ya sayi kwafi ɗari na jarida ɗaya, ya baza su a tsakar gida, ya ce jaridu ɗari sun tabbatar da labari.

Abin kunyar shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Mun gaji ilimin da aka gina shi kacokan a kan tantance labari. Malaman hadisi ba su taɓa cewa magana ta inganta don ta cika kasuwa ba. Kafin su yarda cewa yawan masu ruwaya ya kai matsayin yaƙini, wato mutawatiri, sai da suka gindaya sharuɗɗa masu tsauri. Dole yawan ya kai inda ba zai yiwu a ce sun haɗa baki a kan ƙarya ba. Dole a sami wannan yawan a kowane mataki na isnadi, tun daga tushe har ƙarshe. Kuma dole tushen ya tsaya a kan abin da aka gani da ido ko aka ji da kunne, ba zato ko hasashe ba.

Ku duba sharaɗi na biyun nan da kyau. Idan labari ya faro daga mutum ɗaya, daga baya dubbai suka ɗauka, ƙarfinsa bai wuce ƙarfin wannan mutum ɗayan ba. In maƙaryaci ne, duk dubban nan ƙaryarsa suke dakon ta.

Har littattafai manya aka wallafa don wannan matsala kaɗai. Imam Sakhawi ya rubuta Almaƙasidul Hasana, daga baya Ajluni ya rubuta Kashful Khafa, dukkansu a kan maganganun da suka shahara a bakunan mutane da sunan hadisi. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suka ware masu asali, suka nuna cewa da yawa ba su da tushe ko kaɗan, duk da cewa kowa ya haddace su.

To ina almajiran wannan ilimi a yau? Akwai waɗanda za su kwana suna tsefe isnadin ruwaya guda, su ce wane yana da raunin hadda, wane bai haɗu da wane ba. Amma da an turo musu muryar wani da ba su san ko sunansa ba yana cewa an zuba guba a kaza, ko wata ƙabila ta shirya kaza, sai su hau mumbari da ita ranar Juma'a. Ina isnadin ya tafi? Ashe ƙa'idar ta cikin littafi ce kawai, ba ta shiga waya?

Kuma sun san ƙissar ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Kusan wata guda maganar tana yawo a Madina, har wasu mutanen kirki suka faɗa ciki. Yawan masu faɗa bai sa ta zama gaskiya ba, kuma da Suratun Nur ta sauka, tsawatarwar ba ta tsaya a kan wanda ya ƙirƙira ba, ta haɗa da waɗanda suka karɓa suka yaɗa ba tare da sani ba. Suna karanta wannan a tafsirin azumi kowace shekara. Suna fassara umarnin bincika labari da ke cikin Suratul Hujurat. Su sauko daga kan kujerar tafsirin su danna wa jita-jita maɓallin turawa. Wannan fuska biyu ce, kuma ba ta da wani suna.

Mu zo kan raunin da har yau bai warke ba.

A shekarar 2003 magana ta game Arewa cewa ɗigon rigakafin shan inna yana ɗauke da maganin hana haihuwa, wasu ma suka ce da ƙanjamau. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Kano ta fi kowa daɗewa, ba ta dawo ba sai a Yuli 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya.

Ba na cikin masu cewa tsoron mutanen Kano hauka ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka kai ga sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009. Wanda aka taɓa yi wa haka yana da haƙƙin ya yi tambaya, ya ce a gwada, a nuna masa sakamako.

Amma tambaya daban, hukunci daban. An tura tawagogi ƙasashen waje, an yi gwaje-gwaje, an tabbatar cewa maganin da ake ɗiga wa yaran Kano shi ne ake ɗiga wa yaran sauran ƙasashen Musulmi, kuma haihuwa ba ta tsaya a can ba. Duk da haka magidanci zai tare ƙofa ya kori masu rigakafi, in ka tambaye shi dalili ya ce duk layin nan babu wanda ya yarda. Shi ke nan hujjarsa. Maƙwabcinsa ma hujjarsa ke nan. Kowa yana jingine da kowa, babu wanda ke tsaye a kan komai.

Me ya biyo baya? Ƙwayar cutar ta bazu daga Arewacin Nijeriya zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Ta ratsa Sudan, ta kai Yaman, ta isa har Indonesiya a 2005, ta shanye ɗaruruwan yara a can. A gida kuwa, a 2006 kaɗai an ƙirga yara sama da 1,000 da ta kama. A Fabrairu 2013 aka harbe mata 9 masu aikin rigakafi a Kano. Sai a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, kuma Nijeriya ce ƙasar ƙarshe da aka jira.

Yaran da aka hana wa ɗigon nan a 2003 yanzu sun haura shekara ashirin. Wasunsu suna kan kekunan guragu a bakin danja, kuna wuce su kullum. Waɗanda suka zuga iyayensu fa? Sun ci gaba da harkokinsu, ana gaishe su da girma, ana ba su wurin zama a sahun gaba. Wa ya taɓa tsayawa a bainar jama'a ya ce mun yi kuskure, mun cuci yaran nan? Jama'ar da aka fake da yawanta, ta zo ta ɗauki nauyin gurgu ko ɗaya?

Haka aka yi a harkar kuɗi. Wata harkar zuba kuɗi mai suna MMM ta shigo Nijeriya a ƙarshen 2015 da alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 duk wata. Wanda ya kafa ta, Sergei Mavrodi, ya riga ya durƙusar da miliyoyin mutane a Rasha da irin wannan tsari a 1994, kotu ta ɗaure shi a kan zamba a 2007. Duk wannan a rubuce yake, kuma Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi. Ko ba ka san tarihin ba, ɗauki alƙalami: ribar kashi 30 duk wata tana nufin naira 100,000 ta haura naira miliyan 2 cikin shekara guda. Wace sana'a ce a duniya ke haihuwa haka? Wace gona? Wace masana'anta?

Babu wanda ya tsaya lissafi, saboda duk ofis an shiga. A Disamba 2016 aka rufe asusun mutane. Hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasa ta ce 'yan Nijeriya kusan miliyan 3 sun yi asarar kimanin naira biliyan 18. A irin wannan damfara, cincirindon nan da ke kwantar maka da hankali shi ne ainihin tarkon, domin da kuɗin na baya ake biyan na gaba, ranar da sababbin shiga suka ƙare kuwa ginin ya rushe. An ɗauki darasi? A Afrilu 2025 wata mai suna CBEX ta sake kwashe mutane da salo iri ɗaya.

Kada wani ya ce wannan ciwon jahilai ne. Rauni ne da ke jikin kowane ɗan Adam, kuma an auna shi. A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa zaunar da mutum cikin ƙaramin rukuni, a nuna musu zanen layi ɗaya, a ce su zaɓi wanda ya yi daidai da shi a tsawo cikin wasu layuka uku. Amsar a fili take, mai ido ba zai ɓata ba. Sai dai duk sauran 'yan rukunin an haɗa baki da su a kan su faɗi amsar da ba daidai ba. Kusan mutum 3 cikin 4 na waɗanda aka gwada sun bi taron aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idanunsu. Idan aka bar mutum shi kaɗai kuwa, da wuya ya yi kuskure.

Amma ga ɓangaren da ya kamata ya hana masu ilimi barci. Da Asch ya sa mutum ɗaya tak a cikin rukunin ya faɗi amsar gaskiya, bin taron ya faɗi warwas. Murya ɗaya ta isa ta ba mai shakka ƙarfin gwiwar yarda da abin da idonsa ya gani.

Murya ɗaya! To a daren gishiri, zaure nawa ne na WhatsApp babu ma'aikacin jinya, ko malamin kimiyya, ko ɗalibin likitanci a ciki? A majalisa nawa ake yanka ƙarya alhali akwai wanda ya san gaskiya yana zaune yana shan shayinsa? Ya yi shiru don kada a ce ya cika iyayi, kada a ce ɗan boko ne, kada a ce an saye shi. Al'umma ta yi ɗawainiyar karatunsa, iyaye sun sayar da amfanin gona sun biya masa makaranta, ranar da ake buƙatar ya buɗe baki sai ya zaɓi farin jini. Wannan cin amana ne.

'Yan jarida ma ba su tsira ba. Sau nawa muka ji an buɗe labari da "ana ta raɗe-raɗin cewa" ko "jama'a da dama na ganin"? Jama'a nawa? Wa ya ƙirga su? Aikin ɗan jarida ya je ya gano ko abin ya faru, ba ya tsaya bakin titi ya auna ƙarar surutu ya kawo mana ba.

Su kansu masana, idan suka bar hujja suka koma bin junansu, ramin da suke faɗawa ke nan. A 1847, a babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita ɗan Hangari mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa masu jego suna mutuwa da zazzaɓi saboda likitoci na fitowa daga ɗakin binciken gawa su shiga ɗakin haihuwa ba tare da tsabtace hannu yadda ya kamata ba. Ya tilasta wanke hannu da ruwan sinadarin kilorin. Mace-macen da suka kai kusan kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu suka sauko zuwa kusan kashi 2 cikin 'yan watanni. Akasarin manyan likitocin Turai suka yi watsi da shi, ya mutu a gidan masu taɓin hankali a 1865. Su ne masu rinjaye, shi ne mai alƙaluma. Mata suka ci gaba da mutuwa har ranar da masu rinjayen suka sauko.

Mu ma muna da namu a ɗakin mai jego. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawaitar ciwon zuciya bayan haihuwa da al'adar ɗura wa mai jego kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi. Shekara hamsin ke nan. Har yau akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, nonon farko da ke ɗauke da garkuwar jariri, wai ƙazanta ne. Ka yi magana a ce haka kowa ke yi, haka muka taras. Waɗanda al'adar ta kashe ba sa nan balle su ba da shaida, sai waɗanda suka tsira ne ke cewa ai mu ga mu nan lafiya lau.

Masu kafa hujja da "haka muka taras" su ne kuma masu alfahari da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sun manta cewa rayuwarsa gaba ɗaya faɗa ce da abin da kowa ke yi. A zamanin da barin mata cikin jahilci ya zama ruwan dare, ya caccaki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata a duhu. Da ya tsaya ƙirga hannaye kafin ya yi magana, da ba mu san sunansa ba.

Mafi muni shi ne ranar da wannan tunani ya ɗauki sanda da fetur.

A ƙarshen Maris 2025, a garin Uromi na jihar Edo, aka tare motar wasu mafarauta da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Sallah a gida. Aka ga bindigogin farauta, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne, taro ya amsa. Aka kashe mutum 16, aka cinna musu wuta. Babu alƙali, babu shaida, babu tambaya. Kowane ɗaya daga cikin masu jifan ya samu natsuwa ne daga ganin cewa ba shi kaɗai ba ne.

Duk Arewa ta yi kuka, kuma ya dace ta yi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau nawa aka yi ihun "ɓarawo" a kasuwanninmu, aka rufe mutum da duka kafin a san abin da ya ɗauka? Sau nawa aka yi wa bawan Allah jina-jina saboda wani ya yi kururuwar an sace masa mazakuta, abin da likita bai taɓa tabbatarwa ba ko sau ɗaya? Sau nawa aka nuna tsohuwa aka ce mayya ce, don duk unguwa an yarda? Tunanin da ya kashe mafarautan Uromi shi ne wannan, babu bambanci. Ba zai yiwu mu la'ance shi idan an yi mana, mu rungume shi idan mu ke yi ba.

'Yan siyasa kuwa sun daɗe da gane wannan rauni, kuma da shi suke kiwon mu. A cika fili da motocin haya, a raba 'yan kuɗi da hula, a ɗauki hoto daga sama, gobe a ce ga shi jama'a sun yi magana. A intanet a ɗauki matasa haya, kowane da asusun bogi goma, su yi ta maimaita jimla ɗaya har ta zama abin da ake yayi. Kai kuma ka duba ka ce tunda kowa na wajen wane, lallai shi ne mai gaskiya. An sayi taron ne domin a sayi hankalinka, kuma ka sayar da shi kyauta.

Yanzu har malami da yawan mabiyansa a Facebook da TikTok ake auna shi. Mai maganin gargajiya ya ce garinsa ɗaya na warkar da ciwon suga da hawan jini da basir da rashin haihuwa, hujjarsa ita ce dubban da suka danna masa alamar so. Mutum ya ajiye maganin asibiti ya bi shi, ƙodarsa ta lalace. Masu danna alamar ba za su zo ɗakin wankin ƙoda su zauna da shi ba.

Za a ce mini, to ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma da rinjaye ake zaɓe. Haka ne. Yawa na da wurinsa: da shi ake gayya, da shi ake yanke wa zai riƙe mulki, domin wannan magana ce ta abin da mutane suke so, kuma su ke da haƙƙin faɗa. Amma ƙuri'a ba ta yanke ko gishiri na maganin Ebola. Ko duk Nijeriya ta ɗaga hannu, naira 100,000 ba za ta haifi miliyan 2 ta hanyar halal a tsarin da ba ya saye ba ya sayarwa ba.

Za a kuma ce, ai ku ma kuna cewa likitoci sun haɗu a kan kaza. Bambancin a bayyane yake. Haɗuwar masana tana da nauyi ne idan kowannensu ya duba hujja da kansa, a ƙasashe daban-daban, da gwaje-gwajen da wani zai iya maimaitawa ya ƙaryata su in sun yi kuskure. Nauyin daga hujjar yake fitowa. Kuma kada wani ɗan taurin kai ya ɗauka cewa saɓa wa jama'a kaɗai ya mai da shi Semmelweis. Shi da lissafin gawarwaki ya zo. Wanda ya ware gefe ba shi da komai a hannu, shi ma a ɓace yake.

Saboda haka, jama'a, ku daina karɓar "kowa ya faɗa" daga bakin kowa, ko da rawaninsa ya kai ina, ko da digirinsa nawa ne. Duk wanda ya kawo muku magana, ku tambaye shi: wa ya fara faɗa? Ganau ne ko jiyau? Me zai samu idan na yarda? In ya kasa amsawa, maganar ta mutu a wayarku, kada ta wuce. Ku koya wa 'ya'yanku cewa faɗin "ban sani ba, bari in bincika" ba abin kunya ba ne. Ku kuma masu sani da ke zaune a majalisu da zaurukan waya kuna kallo ana yanka ƙarya, ku buɗe baki tun kafin a dafa ruwan gishiri na gaba, domin duk wanda ya mutu a kan ƙaryar da kuka san ƙarya ce kuka yi shiru, akwai haƙƙinsa a wuyanku.